Iskar da Ruwaida Ta Aika

Wani ɓangare na wannan labari ya zube mini, kamar yadda gero ke zuba daga buhun da ɓera ya taɓa. Sunan ƙauyen ya tafi. Na san dai yana bakin fadama, idan mutum ya bar Ringim ya yi gabas kaɗan, ko kuwa arewa ne, Allah Shi ne masani. Shekarar ma ba zan rantse a kanta ba, sai dai ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage a kaina shi ne wanda Larai ta faɗa mini da bakinta, tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Shi zan rubuta, inda kuma ya yi giɓi in bar giɓin yadda yake.

Larai matar Malam Gwadabe ce, manomin albasa. 'Yarsu ta fari, Ruwaida, tana karatun haɗa kayan lantarki a Dutse. Saboda kunyar 'yar fari, Larai ba ta taɓa kama sunan nan da bakinta ba tun ranar da aka raɗa shi. "Ke" take ce mata, ko "yarinyar nan", ita kuwa Ruwaida ta saba, ko daga bayan katanga ta ji "ke" ta san da ita ake.

Damuwar gidan kowace shekara guda ce. Gwadabe ya kan ajiye albasarsa bayan girbi don ta yi daraja, sai zafi da danshi su shige ta daga ƙasa, ba a sani ba sai wari ya tashi. A wannan shekarar ya tuna da wani tsohon ɗakin ƙasa da ke can ƙarshen shingen bayan gida, wanda kakansa ya gina, aka daɗe ba a shiga ba. Ya share shi, ya ɗora masa kwano, ya huda 'yan tagogi, ya yi gadon kara ya jera albasa a kai.

Ana cikin bazara Ruwaida ta zo hutu da wata baƙar leda a cikin jakarta. Ta zauna a ƙarƙashin rumfa da faifai a cinya. A kan faifan akwai wasu 'yan alluna kore guda biyu, kowanne bai kai tafin hannun jariri ba, da wayoyi sirara ja da baƙi, da batir ɗin da ta ciro daga wata matacciyar kwamfuta, da wani ɗan farin abu mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Wannan ɗan farin, in ji ta, shi ne hancin. Shi ke shaƙar iska ya san zafinta da danshinta. Allo ɗaya zai zauna a ɗakin albasa tare da hancin, ɗayan kuma a cikin gida, da ɗan gilashin da zai riƙa nuna lamba. Ƙauyen ba wuta, don haka a garwashin Larai take ɗora ƙarfen da take narka dalma da shi, tana busa hayaƙin gefe, idonta a ƙanƙance.

Gwadabe ya dawo daga gona ya tsaya a kanta yana kallo.

"Injiniya, wannan tarkon ɓera ne ko rediyon kiyashi?"

"Baba, shi zai cece maka albasa. Idan zafi ya yi yawa ka buɗe tagogi, idan danshi ya hau ka juya ta."

"Ni da hancina fa? Ko ya yi ritaya?"

"Hancinka sai ta ruɓe yake ji, Baba."

Larai ta yi dariya daga bakin murhu, ta rufe baki da gefen mayafi.

Ranar da aka gama haɗin, rana ta riga ta sunkuya. Kaji sun fara hawa, an kora awaki ciki, hayaƙin tuwo ya kwanta a saman gidaje bai tashi ba. Ruwaida ta saka allon a cikin robar man shafawa da ta huhhuda, ta nufi ɗakin albasa, ubanta na biye da ita. Larai ta bi su har bakin shinge da ludayi a hannu tana cewa su bari sai gobe, magariba ta kawo kai, ba lokacin shiga kango ba ne. Ba wanda ya saurare ta. Yarinyar ta taka turmi ta rataye robar a jikin azara, ta sauko ta tsaya a bakin ƙofa tana kakkaɓe hannu.

"To wayar da za ta tashi daga nan zuwa cikin gida fa?" in ji Gwadabe. "Ko awakina za ki shimfiɗa wa abinci?"

Ruwaida ta juya ta fuskanci duhun ɗakin, ta ɗaga murya tana dariya.

"Babu waya, Baba. Iskar ɗakin nan ce za ta riƙa kai mini saƙo. Ba dare ba rana, ba hutu. Duk abin da ta ji, ta zo ta faɗa mini."

Larai ta ce a daidai nan komai ya yi tsit. Gyaren da ke kuka a gindin shinge ya ɗauke. Akuyar da ke tuƙa ta tsaya da bakinta a karkace. Wani sanyi ya fito daga ƙasan ƙofar ya shafi idon sawunta, sanyi irin na cikin rijiya, alhali ƙasa ba ta gama hucewa daga zafin rana ba. Sai ladan ya ɗaga murya, kowa ya juya gida.

An ɗora ɗayan allon a kan tagar ɗakin Larai. Suna sallame salla gilashin ya yi haske, lambobi biyu suka fito, ta sama ta zafi, ta ƙasa ta danshi. Ruwaida ta yi tsalle ta tafa. A lokacin ne wata 'yar tsakuwa ta faɗo a kan kwanon ɗakin, ƙwas, ta gangaro ta faɗi a tsakar gida.

"'Ya'yan maƙwabta ne," in ji Gwadabe.

Ba a jima ba lambar ta canja, wata tsakuwar ta faɗo.

Larai ce ta fara lura, don ita ke yini a gida. Duk sa'ad da gilashin ya ƙifta, sai tsakuwa ta sauka a kwano. Ba ta riga shi, ba ta makara. Tana daka ta ji ƙwas, ta ɗaga kai ta ga lamba ta motsa. Da hantsi haka, da azahar haka. Ta zagaya bayan gida ba ta ga kowa ba, sai gonar da aka girbe, shimfiɗe har bakin fadama, ko inuwar da mutum zai ɓuya babu. Da safe ta kan share tsakuwoyin ta tara a kusurwa. Dukansu farare ne, sumul, irin na ƙasan kogi, kuma da ɗumi a jikinsu kamar yanzu aka sauke su daga tafin hannu.

Da kwanaki suka tafi jifan ya ƙara nauyi. Tsakuwa ta zama dutse. Wata rana da yamma, ana zaune ana cin tuwo, albasa ce ta faɗo a tsakiyar akushi, ƙatuwa, daga sama, inda ba reshe ba tsuntsu. Bayanta suka ji wani abu kamar gyaran murya a bakin zaure, irin na baƙon da ya daɗe a tsaye yana jiran a amsa masa. Gwadabe ya fita da cocila. Zauren ba kowa.

Ruwaida ta ce ita ba ta ga haɗin dutse da lamba ba. Ta buɗe allon ta duba, ta sake liƙa wata waya, ta ce komai daidai yake.

Washegari da dutse ya huda kwano ya faɗo kusa da inda Larai ke salla, haƙurin Gwadabe ya ƙare. Ya fizgo allon daga taga, ya jefa shi a turmi, ya ɗauki taɓarya. Ruwaida na "Baba, don Allah, Baba", ya daka shi sau da yawa har gilashin ya zama gari.

Jifa ya tsaya. Gidan ya yini shiru, shirun da ya fi jifan nauyi.

Da magariba Ruwaida na zaune tana alwala, buta a hannunta, sai Larai ta ga ruwan na zuba a ƙasa ba ta tare shi. Idonta a buɗe yake, yana kallon shingen bayan gida. Leɓenta ya motsa.

"Zafi talatin da shida. Danshi arba'in."

"Ke, me kika ce?"

Ruwaida ta ƙarasa alwalarta kamar ba abin da ya faru. Can an jima, tana tsakiyar magana da ubanta, maganar ta yanke, muryar ta sauka ƙasa, ta sake faɗin wasu lambobi, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya. Da aka tambaye ta, ta ce ita ba ta faɗi komai ba.

Gwadabe ya ruga ɗakin albasa ya tsinko robar daga azara, ya cire batir ɗin ya wurga shi gona. Ya dawo yana haki ya tarar da 'yarsa na faɗin lamba.

Daga nan kullum maganarta tana raguwa, lambobin suna ƙaruwa, har ya zama ba ta cewa komai sai su. Ta kwanta. Da asuba jikinta sanyi ƙalau kamar gindin randa. Da rana ta ɗaga sai ya fara ɗumi, kafin azahar ba a iya barin hannu a goshinta. Aka ɗauke ta a mota zuwa asibiti, aka ɗibi jini, aka duba, ba a ga zazzaɓin sauro ba, ba a ga komai ba. Kafin likita ya gama rubutu la'asar ta yi, jikin ya sauka da kansa. Aka ba su magani suka dawo.

A nan akwai 'yan kwanakin da suka ɓace mini. Na san an yi hayaƙi, an yi tofi, wata ƙanwar Gwadabe ta zo daga Buji ta koma. Abin da ban manta ba shi ne ranar da Larai ta gane.

Rana ce mai zafi, ko kare ba ya fita. Yarinyar na kwance tana numfashi sama-sama, leɓenta ya tsattsage, ta ce arba'in da biyu. Larai ta rasa abin yi. Ta jiƙa zane ta shafa mata, zanen ya bushe nan take. Sai ta tuna cewa lambar nan ba ta jikin 'yarta ba ce, ta ɗakin albasa ce. Ta ɗauki bokiti, ta ratsa tsakar gida ba takalmi, ta watsa ruwan a kan kwanon ɗakin. Kwanon ya yi cuu, tururi ya tashi. Ta sake kawo wani. Ta buɗe ƙofar, ta yayyafa a ƙasa da bango. Da ta dawo ta tarar zufa ta karyo wa Ruwaida, ta yi ajiyar zuciya, ta ce arba'in.

Tun daga ranar Larai ba ta zauna ba. Daga rijiya zuwa ɗakin albasa, daga ɗakin albasa zuwa rijiya, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Guga ya yanke mata tafin hannu. Ta lulluɓe kwanon da tsofaffin buhuna tana jiƙa su. Ruwan kuwa yana ɗiga ciki, yana sauka a kan albasar, ba a daɗe ba wari ya fara zagaya shinge.

Gwadabe ya tare ta a hanya, bokiti a kanta.

"Larai, kin san abin da kike yi? Noman shekara ne a ɗakin nan."

"Na sani, Malam."

"Ruwa a kan albasa?"

"Je ka taɓa goshinta, sannan ka dawo ka taɓa kwanon nan. In ka ji bambanci, na ajiye bokitin."

Ya je. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito, ya karɓi guga daga hannunta.

Amma bazara tana hawa ne, ba sauka take ba. Gajimare ya kan taru a gabas ya watse. Ruwan rijiya ya ja baya har sai an ƙara igiya. Kowace azahar lambar da yarinyar ke faɗa tana ɗara ta jiya, duk da ruwan da ake zubawa. Larai ba ta yi boko ba, amma ta san jikin ɗan Adam yana da iyakar da ba ya wucewa, ta kuma san sun kusa kai ta.

Aka aika garin Garki a ɗauko Malam Misbahu. Na san shi, mun yi karatu a zaure ɗaya muna samari, ya fi ni haddar komai, ya kuma fi ni cin ƙosai. Allah Ya jiƙansa. Ya iso a bayan babur rana na tsaka, tsoho siriri mai tari, rawaninsa ya yi ja da ƙasar hanya. Gwadabe ya ce ko Malam zai huta sai dare.

"Yaushe ciwon ya fi tsanani?"

"Yanzu, Allah gafarta Malam."

"To yanzu mai shi yake kusa."

Ya yi alwala, ya zauna a kan buzu daga bakin ƙofa. Larai ta tallafo kan 'yarta a cinya, tana jin zafin yana ratsa zanenta. Malam ya fara karatun ayoyin tsari, a hankali, muryarsa ba ta fi ƙarar ƙudan zuma ba. Ya daɗe yana yi. Ƙudaje suka bar ɗakin. Inuwar bakin ƙofa ta tsuke har ta ɓace. Can sai yarinyar ta buɗe ido, ta juya su wajen malamin ba tare da kanta ya motsa ba.

"Arba'in da huɗu," in ji ta. Muryar ba tata ba ce. Ta wani tsoho ce, busasshiya, kamar ana taka karan dawa.

"Na ji," in ji Malam Misbahu. "Wane ne ke magana?"

Muryar ta sake fitowa daga bakin yarinyar.

"Yau aka fara ce mini an ji."

"Wane ne kai?"

"Ɗan aike."

"Aiken wa?"

"Na mai wannan bakin."

Malam ya ce ya ji tsoron Allah ya faɗi gaskiya, me ya kawo shi jikin 'yar mutane. Muryar ta yi magana ba gaggawa, ba faɗa, kamar mai kai ƙara gaban alƙali.

"Ina ɗakin can tun kafin kakan wancan ya yi masa jinka. Suka zo suka share ni da tsintsiya, ban ce komai ba. Suka cika mini wuri da yajin albasa, ban ce komai ba. Sai ita ta tsaya a bakin ƙofata, rana na faɗuwa, ta kira ni da sunan da kuke kiranmu, ta ɗora mini aiki. Ta ce iskar ɗakin nan. A ɗakin can akwai wata iska bayan ni?"

"Iskar shaƙa take nufi, bawan Allah. Wadda ke kaɗa ganye."

"Ba ta faɗi haka ba. Ta ce ba dare ba rana, ba hutu. Na karɓa. Duk saƙon da na kawo sai na yi sallama a kan kwano. Ba wanda ya amsa. Ba wanda ya ce sannu da hanya. Na ƙara ƙarfin sallamar, aka zage ni. Sannan wancan ya daka ƙwaryar da nake zubawa a turmi. To ina zan kai? Na mayar wa mai shi."

Gwadabe, da ke durƙushe a waje, ya sunkuyar da kai.

"Ba ka ga kashe ta kake yi ba?" in ji Malam.

"Abin da ke ɗakin nake kawowa. Ban ƙara ba, ban rage ba. Gobe kuwa ta fi yau zafi. Ina jin ta tana tahowa."

Larai ta ce wannan maganar ce ta fi tsorata ta, domin ba mugunta a cikinta.

Malam ya koma karatu da ƙarfi, jikin yarinyar ya sandare, ta yi wani nishi, zafin ya ƙaru har Larai ta ji kamar garwashi aka ɗora mata a cinya. Ta ce, "Malam, tsaya, don Allah tsaya." Ya tsaya.

"Kana iya ƙona ni," in ji muryar. "Amma tare muke, kuma ita ta fi ni laushi. Ni ma na gaji, Malam. Tun ranar ban zauna ba. A sallame ni in tafi."

"Na sallame ka."

"Ba kai ka aike ni ba. Bakin da ya aika shi ke sallama. Sannan tukuicina. A garinku ana aiken mutum, ya yi ta safa da marwa, a sallame shi hannu rabbana?"

"Ba yanka, ba jini," in ji Malam Misbahu. "Nan gidan musulmi ne."

"Ni ma ina salla. Wa ya ce jini?"

Gwadabe ya matso da gwiwa har bakin ƙofa.

"Ya ɗauki ɗakin, Malam. Da albasar duka. Wallahi ko kallon wajen ba zan sake yi ba."

Wata 'yar dariya ta fito daga busasshen leɓen.

"Ɗakina zai ba ni. Albasar kuwa matarsa ta riga ta kashe ta. Tukuici daga hannun mai aike yake fitowa. Zan ɗauka daga cikin abin da na yi ta kawo mata."

Malam ya ja carbi. Sannan ya fara tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ranta ne? A'a. Hankalinta? A'a. Ido, ko kunne, ko harshe, ko ƙafa? A'a. Haihuwa? A'a. Imaninta? Muryar ta ce wannan ba nata ba ne balle ta bayar. Malam ya ce to ya faɗi sunan abin. Muryar ta ce ba ta san sunansa da Hausa ba, ta ƙara da cewa arba'in da biyar.

Malam Misbahu ya dubi Larai. Bai taɓa duban ta kai tsaye ba tun da ya shigo.

"Uwar yarinya, ban san abin da yake nufi ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Ina iya ci gaba da karatu har Allah Ya kawo sauƙi. Amma kin fi ni sanin abin da ke kan cinyarki."

Larai ta dubi fuskar 'yarta. Idon ya fara juyewa, numfashin na fita da wani ɗan sauti kamar na busasshiyar ƙwarya.

"Ya ɗauka," in ji ta.

"Ka rantse ba za ka dawo ba?" in ji Malam.

Ya rantse da wanda Ya halicce su duka. Ya ce ya saki harshen, sai su kira ta, ta yi nisa.

Malam ya kira sunanta sau uku, shiru. Gwadabe ya kira, yana kuka, shiru. Ƙirjin ya ɗaga ya tsaya. Malam ya ce, "Uwar yarinya, saura ke."

Larai ta buɗe baki, "ke" ta zo kan harshenta kamar kullum, ta haɗiye ta. Ga mijinta, ga baƙon malami, ga maƙwabta sun cika tsakar gida. Ta sunkuya ta sa bakinta a kunnen da ke ƙuna.

"Ruwaida. Ruwaidatu. Tashi, ni ce."

Gashin idon ya motsa.

"Inna?" Muryarta ce, 'yar siririya. "Inna, ke kika kira ni?"

"Ni ce. Faɗi abin da Malam zai faɗa miki."

Malam ya faɗa, ta maimaita, kalma bayan kalma, tana hutawa a tsakani.

"Saƙo ya iso. Sannu da hanya. Na gode. Na sallame ka."

Can ƙarshen shinge ƙofar ɗakin albasa ta bugu da bango. Wata 'yar guguwa ta fito, ba ta kai tsayin mutum ba, ɗauke da ɓawon albasa, ta bi gefen gona a hankali, kamar tafiyar wanda ƙafa ke yi wa ciwo, har ta gangara fadama. Zufa ta karyo wa Ruwaida daga kai har ƙafa. Kafin la'asar ta tashi zaune ta ce yunwa take ji.

Larai ta dama kunu ta kawo, yana tururi, ta ajiye ta ce a bari ya huce, ta juya ɗauko ludayi. Da ta waiwayo ta ga yarinyar ta ɗaga kwanon da hannu biyu tana kwankwaɗa. Ta fizge shi. Leɓen ya yi ja, tafin hannun ya fara tashi.

"Ke, ba ki ji zafi ba?"

Ruwaida ta dubi kwanon, ta dubi hannunta.

"Da zafi ne, Inna?"

Abin da aka yi da ɗakin daga baya, ko an rushe shi ko yana nan, ya fita daga kaina. Ban kuma so in rubuta ƙarshen nan da jin kunne kawai ba, don na san yadda labari ke ƙara ƙiba a hanya. Saboda haka da na je Dutse a duba mini ido, cikin sanyin da ya wuce ko wanda ya gabace shi, na sa aka kai ni gidan da Ruwaida take aure. Ta yi aure, tana gyaran kayan lantarki a wani ɗan shago a ƙofar gida, lafiyarta ƙalau, ga fara'a. Safiya ce mai sanyi, ni ina cikin riguna biyu da bargo, ita kuwa tana cikin 'yar riga mara nauyi, sai da mijinta ya leƙo ya ce ta sa rigar sanyi sannan ta sa.

Muna gaisawa jaririnta ya yi kuka a bayanta. Ta sauko da shi, ta kai tafin hannu goshinsa yadda kowace uwa ke yi, ta ɗan tsaya, sannan ta janye hannun. Ta zaro wani ɗan abu daga aljihu ta sa masa a hammata. Siririyar waya ce ta tashi daga jikinsa zuwa wani ɗan gilashi da ke ɗaure a wuyan hannunta. Na duba shagon, duk abin da ta haɗa da wayarsa, doguwa ko gajera, ba ko ɗaya da ke aika saƙo ta iska. Ta jira lambar ta fito, ta karanta, sannan ta ce mini, "Alhamdu lillahi, Baba, ba zazzaɓi ba ne." Wannan da idona na gani.